Abin da iyaye suka ce kan tatsuniyoyin yara a Gombe

Da muka zauna da wasu iyaye da malaman firamare a Gombe, shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da na gida. Yaron da bai san Gizo da Ƙoƙi ba, bai taɓa amsa "ta zo mu ji ta" ba, ina zai gane daɗin na wasu?

Bayan nan sai a leƙa maƙwabta. Ga Fulani, ga Tangale, Tera da Waja, kowa da nasa. Wata malama ta ce takan sa kowane ɗalibi ya karɓo tatsuniya ɗaya wurin kakarsa, ya faɗe ta da harshensu, sannan ya maimaita da Hausa. Wannan ta fi burge ni.

An kuma ce a riƙa kwatantawa. Yarbawa kunkuru ne mai wayonsu, Ijapa. Mutanen Akan na Gana kuwa gizo-gizo ne, Anansi, wanda bayi suka tsallaka da labarinsa har Jamaika. A tambayi yaro: wa ya fi Gizo ha'inci?

Inda aka yi saɓani shi ne batun Dodo. Wasu suka ce a rage tsoratarwa. Wani dattijo ya ce in aka cire Dodo, miya ta rasa gishiri. Waya kam, kowa ya yarda a ajiye ta sai an ce ƙurunƙus.