Musayar waƙa: Sheffield da Hallam, wa ya gaji tamaula?
(Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa biyu ne da suka samo asali a birnin Sheffield na Ingila; Sandygate shi ne filin wasan Hallam.)

Mai Alƙalami:
Sheffield ta Ingila ce uwar kowa,
A 1857 ta yi tsirowa,
Creswick da Prest 'yan wasan kurket,
Hunturu ya hana su bugawa,
Suka ɗau ƙwallo ba ko sisi,
Ma'aurata da tuzurai ke karawa.

Ɗan Sandygate:
Yaya, ka yabi uwa mun ji,
To ina ɗakinta na aure?
Tana can Dronfield wajen gari,
Mu Hallam muna nan a zaure,
Tun 1860 filinmu ɗaya,
Ba mu ɗau tabarma mun ƙaure.

Mai Alƙalami:
Ƙanena, filin da kake taƙama,
A nan muka fara yi muku wanka,
26 ga Disamba, shekarar 1860,
Biyu da nema a gaban dangin babanka!

Inna Mai Kunu: Kai Mai Alƙalami, Allah ya ƙara basira! Yaron nan ya ji a jikinsa.

Malamin Aruli: Hajiya, a yi adalci. Ɗangonsa na uku ɗingishi yake, kwanan wata ya cusa ya karya kari. Ga shi ya faro da ƙwar shida ya koma huɗu.

Inna Mai Kunu: Malam, shi wancan da ya ce "ƙaure" don amsa-amo ya zauna, ba ka gan shi ba?

Malamin Aruli: Na gani, amma nasa bai yi tuntuɓe a baki ba. Ki rera su ki ji.

Ɗan Sandygate:
Ku bar mini shi, na dawo sallah,
Yaya, kar ka taɓa min uba,
Kofin farko a duniyar ƙwallo,
Youdan, 1867, je ka duba,
Hallam ce ta kai shi gida,
Sheffield ko wasa ba ta buga ba.

Mai Alƙalami:
Afuwan kan uba, bakina ne ya zarce.
Da aka halatta albashi a 1885,
Manya suka bi kuɗi, mu muka ƙi,
A 1904 muka ɗau kofin 'yan sa-kai,
FIFA a 2004 ta ba mu lambar girma,
Mu da Real Madrid, kai ina kake tsaye?

Malamin Aruli: Wannan kam babu amsa-amo ko ɗaya.

Ɗan Sandygate: Na karɓi afuwa, Yaya. Baitina na nan tafe bayan isha'i.