Ruwan zafi na daɗewa kafin ya iso famfon banɗaki

Jama'a, don Allah ina neman shawara. Hitar gidanmu tana kusa da kicin, banɗakin sama kuwa ya kai mita 20 daga wurinta. Kullum da asuba sai in buɗe famfo in tsaya ina taɓa ruwan da yatsa, bokiti ya kusa rabi kafin ɗumi ya fara zuwa. Na gane ruwan da ya kwana cikin bututu ne ke fara fitowa. Na naɗe bututun da soso mai riƙe zafi, da rana ya taimaka, amma da safe kamar ban yi komai ba. An ce in sa ƙaramin inji mai zagaya ruwan ya koma hita, to ba ni da bututun komawa, fasa bango kuma ba na so. Ko ƙaramar hita zan sa a banɗakin? Wanne ya fi cin wuta?