"Hankali ke gani, ido gululu ne": har da sanin daidai da kuskure?

Ɗan Jekadafari: Salamu alaikum. Daren jiya muka kusa ba hammata iska da ƙanina ɗan jami'a. Wai ko ba a saukar da littafi ba, hankali kaɗai ya isa ya nuna wa mutum zalunci mugun abu ne, a Gombe yake ko a Sin. Na ce ya yi istigfari, sai ya jefo min "hankali ke gani, ido gululu ne". Karin maganar nan ta kai can?

Malam na Pantami: Wa alaikumus salam. Ba ta kai ba. Lura ake nufi, kamar ka gane ɗan sane a tasha tun bai matso ba. Gardamar kuma tsohuwa ce tsakanin ɓangarori biyu na malaman aƙida: Mu'utazilawa suka ce hankali na gane kyakkyawa da mummuna da kansa, Ash'arawa suka ce sai shari'a ta faɗa.

Ɗan Kashere: Allah gafarta Malam, to Hilful Fudul fa? Tun ba a fara wahayi ba mutanen Makka suka taru gidan Abdullahi bin Jud'an, suka rantse za su tsaya wa wanda aka zalunta, saboda wani falke ɗan Yaman da aka cinye wa kuɗi. Manzon Allah (SAW) ya yabi taron bayan annabci. Shi ma Kant, Bajamushen masanin falsafa da ya mutu a 1804, awonsa ke nan: abin da ba za ka so kowa ya riƙa yi ba, kada ka yi. In kowa ƙarya yake, wa zai yarda da taka?

Maman Hanifa: Ku tsaya ku ji. Inna kakata, Allah jiƙanta, hatsi take saye a Kumo tun ana kashe fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Akwai wani tsoho Batangale mai kawo mata dawa, ba ya salla, ba ya coci. Ran nan ƙullin kuɗinta, a tsumman atamfa, ya faɗa buhunsa. Ta yi kuka, ta zargi kishiya, har aka yi rabon tukunya. Kasuwa na zagayowa sai ga tsoho da ƙulli, ko kwancewa bai yi ba. Inna ta ce, "Baba, wa ka ji tsoro?" Ya ce, "In na ci, da wane ido zan dube ki?" Sai ta kwance ta ƙirga a gabansa. Bai sake sayar mata da ko tiya ɗaya ba. Har ta rasu tana cizon yatsa kan ƙirgar nan.

Malam na Pantami: Fiɗira ke nan, Hajiya, wato ɗabi'ar da Allah ya halicci mutum a kanta.

Ɗan Kashere: Hankali dai, Malam.

Baban Walid: Kunya ce. Kuma shi da ido ya kafa hujja, ashe ba gululu ba ne 😂 Da namu ne suka tsinci ƙullin, kwamiti za su kafa, ran zaɓe a dawo mata da taliya biyu.

Ɗan Jekadafari: Wane namu? Kama suna mana.

Baban Walid: Ina da iyali, yallaɓai.

Gwaggon Yara: Ni kishiyar ce ta tsaya min a rai. An ba ta haƙuri kuwa?

Maman Hanifa: Ina! Inna cewa ta yi ai ko ba ta ɗauka ba, ta yi niyya.