Neman shawara: ina so in yi hutun Kirsimeti a wata ƙasa, ina aiki ina ci da kaina

Ɗan Zango:
Salama gare ku ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, Kirista ne kuma, tun tasowata ban taɓa yin Kirsimeti nesa da innata ba. Na daɗe ina kallon samarin Turai a intanet, masu saɓa jakar goyo su tafi Ostiraliya, su tsinki ƴaƴan itace a gonaki ko su yi wanke-wanke a gidajen abinci, abin da suka samu su biya wurin kwana, ranar 25 ga Disamba kuma su taru bakin teku a Bondi, tunda can lokacin zafi ne. Abin ya shiga raina sosai. Ina so ni ma in ga wata ƙasa da gumina, ba da kuɗin kowa ba.

Ina gyaran waya kusa da kasuwar Dole bayan karatu, na tara jika ɗari da hamsin. Wani a Facebook ya ce zai samo mani irin bizarsu in na tura masa rabin kuɗin. Inna kuwa ko zancen ba ta son ji. Don Allah waɗanda suka san hanya su gaya mani gaskiya: abin nan yana yiwuwa ga mai fasfon Nijar?

Ɗan Birni a Liyon:
Ƙanena, kada ka tura wa mutumin nan ko dala. Bizar da kake nufi ta hutu da aiki ce, Ostiraliya na ba da ita iri biyu, 417 da 462, ga matasa daga shekara 18 zuwa 30, wasu ƙasashen har 35. Ana ba da ita ne ga ƴan ƙasashen da suka yi yarjejeniya da Ostiraliya kawai, irin su Faransa, Jamus, Ingila da Japan. Nijar ba ta ciki, kuma babu ɗan tsakiyar da zai iya sa ta ciki. Ko su waɗanda suka cancanta sai sun nuna suna da kusan dalar Ostiraliya 5,000 kafin kuɗin jirgi. Bizar ta wata 12 ce, ba ta sati biyu ba, kuma mai son shekara ta biyu sai ya yi kwana 88 yana aikin gona ko makamancinsa a karkara. Wannan ɓangaren ba kasafai suke ɗaukar hotonsa ba.

Nan Faransa ma haka abin yake. Ɗalibi baƙo yana da izinin aiki awa 964 a shekara, a kan takardarsa ta zaman karatu. Mai bizar yawon buɗe ido ba shi da izinin aiki ko na yini ɗaya. Otel-otel na duwatsun Alf suna ɗaukar ma'aikata lokacin ƙanƙara, amma daga Disamba har Afrilu suke son mutum ya tsaya. In har Turai ce a ranka, ƙofar karatu ita ce ƙofar, ka gama lisansinka tukuna.

Kawu Direba:
Ɗana, abin da kake sha'awa wurin Turawa iyayenka sun daɗe suna yin sa. Da an gama girbi mutanen Kance da Magarya da Mirya ke kama hanyar cin rani, kakanninmu kuma har Gwanja suke kaiwa fataucin goro da jakai. Sai dai babu wanda ke tashi bai san gidan da zai sauka ba. Wannan shi ne sirrin, ba jaka ba.

Da kuɗin da ke hannunka Kwatano ko Lome ake magana. Dukansu sefa suke kashewa irin tamu, ba ruwanka da ƴan canji, Faransanci ake yi, kuma kowane gari da unguwar Zangonsa inda za ka yi Hausarka har ka gaji. A Kwatano kasuwar Dantokpa kaɗai ta ishe ka kallo. Gana ta fi armashi a Disamba, tun shekarar 2019 da suka yi bikin kiran baƙaƙen fata na ƙetare su dawo gida, amma a wannan watan Akara tsada take kamar wuta, ga kuɗinsu sidi, ga Turanci.

Hanya ita ce abin lura. Ta Burkina ban ba ka shawara ba saboda rashin tsaro. Gadar Gaya da Malanbil an rufe ta tun 2023, sai ka tambayi direbobi a tasha halin da ake ciki kafin ka yanke tikiti. Saura ta Najeriya: Matamai, Ɗan Barto, Kano, daga nan Legas, ka tsallaka Seme ka shiga Benin. Doguwa ce, kuma ƙarshen shekara kuɗin mota na tashi don kowa gida ya nufa. Kada ka yi tafiyar dare. Ka riƙe fasfo da katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, don shi suke fara tambaya a iyaka. Mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu, amma ma'aikacin kan iyaka yakan nemi dalili, to kada ka ba shi. Kuɗin komowa kuma ka bar su wurin wani amintacce nan gida, ya tura maka ran da ka nema.

Hajiya ta Garin Malam:
Duk kuna ta zancen biza da iyaka, ba wanda ya tsaya kan uwar yaron. Ɗana, in ba ta sa albarka ba ka zauna. Ku ma Kirsimeti sallarku ce, ranar da uwa ke duba tabarma ta ga wa ya zo wa bai zo ba.

Yaya Maryamu:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma bari in ƙara nawa, don na yi Kirsimeti a Lome lokacin da nake koyon ɗinki wurin ƙanwar babana. Na je sujada a babbar majami'ar Sacré-Cœur da ke jikin babbar kasuwa, wadda aka gina tun zamanin Jamusawa. Mutane maƙil, waƙa da ganguna da harshen Ewe, abin gwanin daɗi. Da aka tashi kowa ya kama hannun nasa ya yi gida, a nan kewar Damagaram ta kama ni, har da sanyin hunturu da ƙurarsa. Ni da ke da dangi a garin ke nan. Ka yi tunanin wanda zai koma ɗakin haya shi kaɗai.

Saboda haka in za ka je, ka karɓi wasiƙa daga faston ku zuwa wata majami'a a can. Za su ba ka wurin zama a kan abinci ran bikin, wani lokacin har da ɗaki. Ita kuma inna, ba tafiyar take tsoro ba. Ta ga yadda ƴaƴan mutane ke cewa Agadas za su, daga baya a ji labarinsu a hamada. Mu mutanen wannan yanki ba mu manta da mutane 92, galibinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hanyar Aljeriya a 2013 ba. Ka zauna da ita, ka gaya mata garin, sunan mai masaukinka, ranar tafiya da ranar komowa, ka sa su gaisa ta waya. Za ka ga ta sauko.

Mai Gyaran Waya:
Ni ban yarda da Lome a wannan hutun ba, abokina. Sati biyu ne, zuwa da komowa za su cinye kusan rabi, kuma wane mai shago zai ɗauki baƙo na ƴan kwanaki? Masu gidajen saukar baƙi da ke ba da kwana a madadin aiki, ta shafin intanet na Workaway da ire-irensa, ba su biyan kuɗi, gado ne da abinci. Kai kuwa kana da sana'a a hannu. Kano ma ƙasar waje ce, tafiyar yini ɗaya. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre, ka zauna gefen wani gwani ka koyi aikin allon waya da na'urar zafi, ka sayo kayan gyara da sauƙi. Sabon Gari kuma Kirsimeti ake yi na gaske. Lome ka bar ta sai babban hutu.

Ɗan Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mutumin Facebook na toshe shi. Na yi magana da inna yadda Yaya Maryamu ta ce, ta yarda da Kano, da sharaɗin in ci Kirsimeti a gida in tashi washegari. Na amince. Mai Gyaran Waya, in kana da wanda ka sani a Farm Centre da zai riƙe ni, don Allah ka yi mani magana ta gefe. Kawu, a Ɗan Barto katin ɗan ƙasa ya isa, ko sai da fasfo?