Tambaya a kan Balamban, garin da ake ƙera jiragen ruwa a ƙasar Filifin

Malam Sani Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a nan Zariya, kuma a makon da ya wuce muna cikin darasi a kan dalilan da ke sa a kafa masana'anta a wani wuri a bar wani, sai na ba ɗalibai misali da ƙasashen da suka yi fice wajen ƙera jiragen ruwa. Da na ambaci Sin da Koriya ta Kudu da Japan babu wanda ya yi mamaki, amma da na ce ƙasar Filifin ma ta daɗe tana biye da su, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni a wane gari ake wannan aiki, kuma me garin yake da shi wanda sauran garuruwan bakin teku ba su da shi. Na ba ta sunan Balamban, amma ban iya ba ta amsar da ta gamsar da ni kaina ba, kuma na yi mata alkawarin komawa da cikakken bayani ranar Litinin. Ina roƙon masana a cikinku su taimaka mini da tarihin garin, da yanayin ƙasarsa, da yawan jama'arsa. Allah Ya saka da alheri.

Dattijo na Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Tambayar ɗalibarka ta tuna mini da ƙuruciyata, domin mu da muka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 mun san malamai 'yan Filifin da aka ɗauko suka koyar da mu lissafi da kimiyya. Wadda ta koya mini ilmin halittu 'yar tsibirin Sebu ce, kuma har yau ina ganin yadda ta zana mana tsibirin a allo, dogo siriri kamar rogo, ta ja layin duwatsu a tsakiyarsa da jan alli. Wannan zane nata shi ne mabuɗin fahimtar Balamban.

Tsibirin Sebu yana tsakiyar ƙasar, a yankin da ake kira Bisayas. Babban birninsa, wanda shi ma Sebu ake ce masa, yana gaɓar gabas, kuma nan ne Baturen nan matuƙin jirgin ruwa Magellan ya sauka a 1521, nan ne kuma Sifaniyawa suka kafa mazauninsu na farko a 1565 a ƙarƙashin jagoransu Legazpi. Balamban kuwa yana gaɓar yamma, a bayan duwatsun, yana fuskantar mashigin teku na Tanyon wanda ya raba Sebu da tsibirin Negros. Daga arewa yana maƙwabtaka da garin Asturiyas, daga kudu kuma da birnin Toledo, inda aka daɗe ana haƙar tagulla. Faɗin ƙasarsa ya kai murabba'in kilomita 333 da ɗoriya, an kasa shi gundumomi 28 waɗanda su suke kira barangay. Sai dai mafi yawan wannan fili tuddai ne da kwaruruka, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar tana bakin ruwa ne kawai, shi ya sa jama'a da kasuwa da masana'antu suka taru a can.

Tun zamanin mulkin Sifaniya, wanda ya ƙare a 1898, garin yana nan, kuma rayuwar mutanensa ba ta wuce noman masara da kwakwa da kamun kifi ba. Yarensu Sebuwano, kuma akasarinsu Kiristoci ne mabiya ɗariƙar Katolika. Abin da ya fara shigar da sunan yankin cikin tarihin ƙasar abin baƙin ciki ne: a ranar 17 ga Maris, 1957, jirgin saman da ke ɗauke da shugaban ƙasa Ramon Magsaysay ya tashi daga birnin Sebu da tsakar dare ya faɗi a kan dutsen Manunggal, wanda ke cikin ƙasar Balamban. Mutum ɗaya tak ya tsira, wani ɗan jarida mai suna Nestor Mata. Har yanzu mutane suna hawa dutsen duk shekara domin tunawa da ranar.

Sauyin da ɗalibarka take tambaya a kai ya soma ne a 1994, lokacin da kamfanin Tsuneishi na Japan ya haɗa jari da rukunin kamfanonin Aboitiz, na wani tsohon gidan attajirai na Sebu, suka kafa wurin ƙera jirage a gundumar Buanoy. Ka gaya mata cewa abubuwa uku na yanayin ƙasa suka taimaka. Ruwan mashigin Tanyon yana da zurfi har kusa da gaɓa, saboda haka ƙaton jirgi yana iya sauka ruwa ba tare da an sha wahalar yashe ba. Mashigin kuma a tsakanin tsibirai biyu yake, ba ya fuskantar tekun Fasifik kai tsaye, don haka igiyar ruwa ba ta da ƙarfi kamar ta gaɓar gabashin ƙasar. Na uku shi ne fili, wanda a birnin Sebu ya yi ƙaranci ya yi tsada, a nan kuwa akwai shi. Daga baya hanyar mota da ta ratsa duwatsun tsakiyar tsibirin ta haɗa garin da babban birni, ta rage wa mutane dogon zagaye.

Game da yawan jama'a, ƙidayar 2010 ta nuna mutum 71,237, ta 2015 ta nuna 87,177, ta 2020 kuma 95,136. A 1990, kafin zuwan masana'antar, ba su kai dubu hamsin ba. Ka sa ɗalibai su lissafa da kansu, za su ga cewa garin ya ninka cikin shekara talatin, kuma irin ƙaruwar da aka samu tsakanin 2010 da 2015 haihuwa kaɗai ba ta kawo ta, baƙi ne masu neman aiki suka kwararo.

Injiniya Bala Sabon Gari:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya ƙara lafiya. Ni dai ina so in ƙara abu guda daga ɓangaren sana'ata, domin shekara ashirin ke nan ina walda, kuma ina ganin bai kamata a gaya wa yara cewa zurfin ruwa ne kaɗai ya gina Balamban ba. Ruwa mai zurfi yana wurare da yawa a ƙasar da ke da tsibirai fiye da dubu bakwai. Abin da ke da wuyar samu shi ne hannun da ya ƙware.

Jirgin dakon kaya irin wanda Tsuneishi ke ƙerawa, na ɗaukar hatsi da kwal da ma'adinai, ba a gina shi gaba ɗaya lokaci guda. Ana yanka manyan faranta na ƙarfe, a lanƙwasa su, a haɗa su gunduwa-gunduwa, sannan a ɗaga kowace gunduwa da babban injin ɗaga kaya a jera su a walde. A can sun ƙera jirage masu ɗaukar har tan 180,000. A irin wannan aiki, layin walda ɗaya da ya sha iska a ciki yana iya zama sanadin tsagewar jirgi a tsakiyar teku, saboda haka ana haska layukan da na'ura a ga cikinsu, wanda bai yi ba a kankare shi a sake. Ni a shagona idan yaro ya yi wa ƙofa walda, da ido nake dubawa, in buga guduma in ji ƙararta. Can kuwa sai mai walda ya ci jarrabawa an ba shi takardar shaida kafin ya taɓa jikin jirgi, kuma Japanawa sun riƙa kai ma'aikata ƙasarsu domin horo.

Akwai kuma kamfanin Austal na Ostireliya, wanda ya sayi wani wurin ƙera jirage a garin a 2011, yana amfani da alminiyam wajen yin jiragen fasinja masu gudu. Duk mai sana'a ya san waldar alminiyam daban take da ta baƙin ƙarfe, sai da iskar argon da hannu mai natsuwa, domin kafin ka ankara ya narke ya huje. Garin da ya tara masu iya waɗannan biyun, ya tara dukiyar da ta fi filin da aka kafa masana'antar a kai.

Hajiya Rabi Kongo:

Ina gaishe da Baba da Injiniya. Malam Sani, ina ba da shawarar kada darasin ya tsaya a kan yabo kawai, domin yaranmu na Zariya da Kaduna sun tashi a cikin iyalan da suka san abin da ke faruwa idan gari ya dogara da masana'anta ɗaya. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, kuma ina tuna ranar da ya dawo gida da rana tsaka ya rataye rigar aikinsa a bayan ƙofa, bai sake saka ta ba. Masu sayar da abinci a bakin ƙofar masaƙar da masu ba da hayar ɗakuna duk tare suka durƙushe.

A ƙasar Filifin ɗin ma an ga irin haka. A Subik, a tsibirin Luzon, kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu ya kafa wurin ƙera jirage mafi girma a ƙasar a 2006, ya ɗauki dubban ma'aikata, amma a farkon 2019 bashi ya yi masa katutu ya durƙushe, mutane suka rasa abin yi. Balamban bai faɗa cikin wannan hali ba, amma masu sayen jiragensa 'yan ƙasashen waje ne, kuma yawancin ƙarfen da injunan daga waje ake shigo da su, saboda haka duk lokacin da kasuwar sufurin teku ta duniya ta yi sanyi, sai an ji a jikin garin.

Sannan akwai batun ruwan kansa. Tun 1998 gwamnati ta ayyana mashigin Tanyon a matsayin yankin da aka keɓe domin kariya, saboda kifaye da manyan dabbobin ruwa da ke rayuwa a cikinsa, kuma masunta da yawa na tsibiran biyu da shi suka dogara. Masana'antar da ke aiki da fenti da mai da ƙurar ƙarfe a bakin irin wannan ruwa tana buƙatar sa ido sosai. Kuma duk da kariyar da Baba ya ambata, guguwa ba ta ƙyale tsibirin ba, domin wadda suke kira Odette ta yi wa Sebu mummunar ɓarna a watan Disamba na 2021.

Malam Sani Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya, da Hajiya. Na riga na zana taswirar tsibirin a kan kwali, na sa duwatsun a tsakiya kamar yadda malamar Baba ta yi, kuma zan rubuta alƙaluman ƙidayar nan uku a allo in bar ɗalibai su gano inda baƙi suka shigo. Injiniya, idan ba za ka damu ba, ina so ka ba ni aron guntayen ƙarfe biyu, ɗaya mai kyakkyawar walda ɗaya mai iska a ciki, domin yaran su riƙe a hannu su ga bambancin. Zan biyo ta shagonka ranar Asabar bayan sallar la'asar, in Allah Ya yarda.