Neman kalma: me za mu kira wayar "ground" ta amfilifayar mota?

Mai Shirin Sana'a: Assalamu alaikum malamai. Gobe Alhamis da ƙarfe goma zan naɗi shirin rediyo kan amfilifayar mota (na'urar ƙara ƙarfin sauti), wadda ta ƙi kamawa da wadda ke kamawa ta ɗauke ta bar jar fitila. Na gama rubutu, kalma ɗaya ce ta gagare ni. Wayoyi uku ke shiga wajen wuta: ta batir, da siririyar shuɗiya mai tayar da ita daga rediyo, sai ta ukun da Bature ke ce wa "ground" ko "earth". Na sa "wayar ƙasa" amma hankalina bai kwanta ba. A taimaka kafin dare.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Mu "at" muke cewa, daga "earth". Don Allah ki cire wayar ƙasa, za ki rikita yara masu koyo. Ta gida ce ake binnewa, mota kuwa a kan taya take. A ƙarfen jikin mota ake ɗaure wannan, shi ke mayar da wuta kan batir na negatib. Kuma mafi yawan wahalar da ake kawo mini daga nan take: an ɗaure ta a kan fenti, ko tsatsa ta ci wurin, ko noti ya saki. A kankare har ƙarfe ya fito fes, wayar kada ta kai rabin mita, kaurinta ya zo daidai da ta batir.

Ɗan Maraɗi: Mu nan "mas" muke cewa, daga Faransanci. In kin ce "at", ba wanda zai gane daga Dan Isa zuwa Damagaram.

Malam Nahawu: Daga "at" har "mas" bara ne a ƙofar wasu. Oga Rewaya ya riga ya ba mu amsa bai lura ba: wuta ke komawa ta nan. To makoma ke nan. Tsarinmu ne, kamar majema da mahauta da makaranta. Wayar makoma. Na daɗe ina koyar da ɗalibaina haka.

Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, duk wanda ya ji makoma a rediyo lahira zai tuna. Mai wa'azi ya riga mu ɗaukar kalmar.

Malam Nahawu: Kalma ba ta da ma'ana biyu ne, Hajiya? Wuta fa? Ta murhu wuta, ta lantarki wuta, ta azaba wuta, wa ya taɓa ruɗewa? Abin da ke ci mini rai shi ne muna da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, malamai sun ƙarar da ƙuruciyarsu wajen ƙirƙirar kalmomi, amma sai a bar wa bakin gareji ya yanke mana hukunci.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Allah ya gafarta Malam, bakin garejin nan da shi nake ciyar da iyali shekara ashirin. Ita "waya" da kuka saka a gaban makomar, ta kakanninmu ce? Taya fa? Batir fa?

Ɗan Maraɗi: Ni kuma nawa ƙorafin daban ne. Kullum a Kano ake yankewa, mu sai dai mu ji a rediyo. Hausar Katsinar Maraɗi ba 'yar riƙo ba ce.

Malam Nahawu: Ban raina sana'ar kowa ba. Aron da ya zauna tun zamanin Turawa ya zauna, wanda bai zauna ba shi nake cewa a tare.

Mai Shirin Sana'a: Malamai, magariba ta kawo kai, har yanzu ba ni da kalma. Oga, in yaronka bai san "at" ba, me kake ce masa?

Rewayan Ƙofar Ruwa: Nakan ce ba ta bodi, ko ɗaure ta a jiki.

Uwar Biyu: To ai shi ke nan, wayar jiki. Ta faɗi inda ake ɗaure ta, kuma na Maraɗi ma zai gane.

Ɗan Maraɗi: Zai gane. Amma a ambaci "mas" ko sau ɗaya.

Malam Nahawu: Jikin wa? Ta bayyana wuri, ba ta bayyana aiki ba. Ban gamsu ba, amma ta fi "at". Ni dai a aji makoma zan ci gaba da cewa.

Mai Shirin Sana'a: Na ɗauka. Zan ce wayar jikin mota, wadda ake kira at ko mas, kuma zan ce ita ce hanyar komawar wuta, Malam ya samu rabonsa. Jar fitilar fa? Na rubuta "ta kulle kanta".

Malam Nahawu: Wannan sai mun zauna, ba maganar dare ɗaya ba ce.

Rewayan Ƙofar Ruwa: Bar shi haka na gobe. Ki dai gaya musu su sa mitar awon wuta a bakin amfilifayar kanta, ba a kan batir ba. Mota a kashe wajen bolt 12.6, inji na aiki 13.8 zuwa 14.4. In wuta na faɗuwa duk sanda ganga ta buga, ko ana jin kukan sauro mai ƙaruwa da an taka totur, a fara duba wayar jikin. In wuta ta cika, an cire wayoyin sifika duka, jar fitila ba ta mutu ba, ciwon na ciki ne, galibi tiransista ta ƙone. Kuma fis in ya tsinke, kada kowa ya naɗa masa waya, a sa mai lamba irin tasa.