Lockport: me aka kulle a garin, kuma ina tashar jirgin take?

Abdu_Wadata:
Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san Ingilishi ko suka taɓa zama Amurka. Ƙanena shekara biyu ke nan yana can, da a Bafalo yake sai kwanan nan ya koma wani ƙaramin gari wai shi Lockport, jiya ya turo mini adireshi ta WhatsApp don Inna na son a aika mishi takalman fata na Tawa da hula biyu kafin salla. Da na karanta mata sunan sai ta ajiye carbinta ta ce mene ne ma'anarshi, ita hankalinta ba ya kwanciya ɗanta na kwana garin da ba ta san abin da sunanshi ke nufi ba. Ni ɗan Ingilishin da na yi a lakwal, lock kwaɗo ne ko makulli, port kuma kamar por na Kotonu inda kayanmu ke sauka, to na duba taswira ban ga teku kusa da garin ba ko kaɗan. Me aka kulle can? Kuma dole ne sai na sa NY ɗin da ya rubuta bayan sunan?

Malam Isufu Tawa:
Wa alaikumus salam Abdu, ka gaida Inna, ka ce mata ba a kulle kowa ba. Kalmar lock tana da ma'ana ta biyu, ita ce Faransawa ke ce ma écluse. Tsakanin 1817 da 1825 jihar Niyok ta haƙa kanal ɗin Erie daga Albani, bakin kogin Hudson, har Bafalo bakin tabkin Erie, wajen kilomita 584, wato ka ɗauka kamar daga nan Tawa zuwa Yamai har da ɗan ƙari, kuma kusan duk da hannu da dabbobi aka yi. Gwamna DeWitt Clinton ne ya dage a kai, mutane na ta mishi ba'a suna kiran aikin ramin Clinton. Matsalar ita ce ƙasar ba shimfiɗe take ba, tabkin ya fi kogin tudu da wajen mita 170, ruwa kuwa ba ya hawan tudu. Sai suka gina ɗakunan ruwa na dutse, su ne ake ce ma lock, kowane da ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe ta bayanshi, a sako ruwa daga sama ɗakin ya cika jirgin na tashi a hankali har ya yi daidai da ruwan gaba, sannan a buɗe ya wuce. To a wurin da ƙanenka yake akwai gangaren dutse na wajen mita 18, dutsen nan ne dai da ruwan Niagara ke zubowa daga kanshi, nan suka jera ɗakuna biyar kamar matakala, layi biyu, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ma'aikata suka zauna, gari ya tashi, sunan ya bi shi. Port ɗin kuma tashar jiragen kanal ce, alfadarai ke jan su da igiya ta bakin ruwa. Shi ya sa garuruwan layin duk haka suke, Brockport, Spencerport, Middleport, Gasport, ba mai teku a cikinsu.

Hajiya Rabi:
Ɗana kar ka kuskura ka bar NY ɗin nan, sunan jihar Niyok ne a taƙaice. Lockport ba ɗaya ba ne, akwai wani a jihar Ilinoi kusa da Shikago shi ma garin kanal ne, akwai na Luwiziyana, har Kanada akwai. Ni abin ya taɓa cina da wani garin daban, na ba yaron wani kamfanin aike atamfa da turare zuwa ga ɗiyata, ya rubuta sunan gari ya bar jiha, wata biyu ina sintiri ofishinsu da rasit a hannu, ranar da kwalin ya dawo duk ya yage turaren ya zube cikin zannuwan, wallahi sai da na yi hawaye. Ka sa NY, ka sa lambobi biyar ɗin nan na ƙarshe, ka tsaya a kanshi har ya gama rubutawa.

Sani_Konni:
Malam Isufu Allah ya ƙara ilimi. Ni da na tashi ina ganin ana buɗe ƙofar ruwa a kanal ɗin gonakin Konni ban taɓa kawowa a raina ana ɗaga jirgi da irin wannan dabara ba. Mu ma ai haka sunayenmu suke, Dogon Dutsi ga dutsen nan tsaye, kasuwar Katako don katako aka sa mata ko da yake yanzu ba abin da babu a ciki. Amma malam har yanzu ana aiki da ɗakunan?

Malam Isufu Tawa:
Manya biyu ne ke aiki yanzu, lamba 34 da 35, su suka maye gurbin layi ɗaya, tsoffin biyar na ɗaya layin suna nan gefensu ana zuwa kallo. Jiragen yawon buɗe ido suka fi wucewa.

Abdu_Wadata:
Na gode ƙwarai malam, Hajiya in sha Allah zan tsaya a kanshi. Na yi ma Inna bayani da roba biyu da buta a tsakar gida, ta ce in gaya mishi ya je ya ɗauko mata bidiyon jirgin yana tashi.